Baba Gadina Ya Shiga Layi

Shekara talatin da ɗaya Baba Gadina, mai kula da lambu, shi ne ke fara isa ma'aikatar. Daga sallar Asuba yake wucewa, ya jingine kekensa, ya buɗe ɗakin ajiya, ya fito da almakashi da bokiti. Kafin ƙarfe bakwai ya gama ban ruwa, ya share ganye, ya jawo benci biyu zuwa gindin lemon da ke bakin get. Bencin ba na ma'aikata ba ne. Na masu neman aiki ne, masu yini a waje da takardu a hammata.

Babu wanda ya ɗora masa wannan. A ɗakinsa akwai burushi da man takalmi, da ledar rufe takardu in hadari ya taso, da butoci shida. Ya haƙa siririyar kwata daga wurin alwala zuwa cikin lambun, don kada ɗigo ɗaya ya tafi a banza. In mai neman aiki ya idar da sallah jiki a sanyaye, sai Baba ya nuna masa kwatar.

"Ka gani? Ruwan alwalarka ya riga ya shiga ciki. Saura kai."

Cikin waɗanda suka zauna a bencin har da wadda a yau take shugabar sashen ɗaukar ma'aikata. Sau huɗu ta zo, sau huɗu aka ce ta dawo. A zuwa na huɗu ta fashe da kuka. Masu gadi sun ce Baba bai rarrashe ta ba, cewa ya yi, "'Yata, matsa kusa da shukar nan ki yi, kada a yi asarar ruwa." Dariya ta ƙwace mata. A zuwa na biyar aka ɗauke ta.

Bara aka kawo sabon tsari: kowane ma'aikaci sai ya nuna takardar shaidar sana'arsa. Ita ta rubuta sanarwar. Hankalinta na kan direbobi da masu gyaran wuta, lambu bai faɗo mata ba. Baba kuwa ba shi da takarda. Matakala goma sha biyu ce tsakaninsa da ofishinta, bai hau ba. Ya karɓi wasiƙar sallama, ya yi ban ruwan yamma, ya miƙa mabuɗi.

Sai bayan wata biyu ta lura, ranar da ta leƙa ta taga ta ga ganyen lemon ya nannaɗe. Lokacin an ba wani kamfani kula da harabar.

A ƙofar wani asibiti ta same shi, cikin layin masu neman aikin shara. Shekararsa sittin da uku, 'ya'yansa uku suna makaranta. Layin ba ya motsi, shi kuwa ya tsuguna yana cire ciyawa daga shukar mutane.

"Baba, me ya hana ka hau ka same ni?"

"'Yata, ke ma aiki aka ba ki. Wanda ya ciyar da ni a can bai tsaya a can ba." Ya karkaɗe hannunsa. "Wa ke ba lemon ruwa?"

Ta kasa gaya masa an toshe kwatar da siminti.

Ta rubuta a mayar da shi, aka amsa mata cewa gurbin ya tafi. Tun ranar a bokiti take alwalar Azahar, ta sauko matakalar nan ta juye wa lemon. Bai farfaɗo ba tukuna. Baba ma bai samu aiki ba.

Baba, kai ne inuwar mai jira. Kai ne ka goge takalman da suka shiga ofis suka daina tsayawa gaishe ka. Ba a yi maka taron bankwana ba, babu wanda ya raka ka bakin get. Godiyar nan ta makara, amma ka karɓe ta. Allah Ya saka maka, Ya buɗe maka ƙofar da kake jira.

Duk mai ƙofar da ake yini a bakinta, ya ajiye benci da buta, ba sai an sa shi ba. Duk mai sa hannu a sanarwa, ya fara leƙawa ta taga. Wanda kuma yake da fili da famfo, ya sani akwai dattijo a layi, da almakashinsa ɗaure a bayan keke.