Askin Layin Bayan Tasha

Ranar Laraba, tara ga watan Fabrairu, da hantsi, wani dogon mutum mai ɗan rankwafawa ya shigo ofishin ƙungiyar masu shaguna neman wurin sana'a. Akawun ofishin ne ya karɓe shi, kuma ranar ce farkon haɗuwarsu. Da aka tambaye shi sana'a, ya ce aski. Aka ba shi shagon ƙarshe a jerin da ke kallon tashar mota, jikin rumfar mai faci.

Ba a jima ba aka laƙaba masa Sannu-Sannu. Direbobi kan tsokane shi cewa kafin ya gama gefe ɗaya na kai, ɗaya gefen ya sake tofowa. Shi kuwa sai ya ce, "Kai ɗaya gare ka, ɗan'uwa. In na ɓata shi, a ina za ka samo wani?" Yana da inji kamar kowa, amma da aska aka san shi. Doka ɗaya ce a shagonsa: ba a zancen siyasa, domin a cewarsa mai gardama ba ya tsayar da wuya. Yawancin masu zuwa wurinsa mutanen layin bayan tasha ne, direbobi da 'yan dako da tsofaffinsu.

Shekaru suka ja, ciniki ya koma cikin waya. Manhajar wani babban kamfani, wanda babu wanda ya taɓa ganin ƙofar ofishinsa, ita ce ta zama kasuwa, ita ce majalisa. Samari suka daina tambayar wa ya iya aski, sai dai su duba wa manhajar ta ɗora a sama. Benci ya fara yin ƙura a shagon Sannu-Sannu. Matarsa, tela ce da ke samun masu ɗinki ta wannan hanya, ita ta buɗe masa shafi. Tun daga nan manhajar ta sa shi gaba da saƙonni: shafinka ya yi sanyi, saka hoto, yi wa mutane tayin da zai jawo su.

A makon zaɓe garin ya rabu biyu, kuma kowa ya san inda layin bayan tasha ya karkata. Samarin ɗaya ɓangaren suka ɗauki karin maganar nan, aski ya zo gaban goshi, suka mai da ita taken yaƙi. Daga baya suka gajarce ta. In suka ce za a yi wa unguwa aski, duka da ƙone-ƙone suke nufi. Duk mai waya ya san wannan, ban da mutumin da ya hana siyasa shiga shagonsa.

Ranar Alhamis da safe ya bi shawarar manhajar. Ya jera asakensa a kan farin tawul, ya ɗauki hoto, ya rubuta da yatsa ɗaya: "Mutanen layin bayan tasha, gobe askinku ne. Ba babba ba yaro. Na wasa aska, kuma kyauta zan yi."

Kafin azahar wayar ta hana shi sakat. Da farko murna ya yi. Shi da bai taɓa samun mutum goma sun kula shi ba, yau dubbai ne. Manhajar ta ga mutane na tururuwa kan saƙon, sai ta ƙara tura shi gaba, har ta aiko masa da taya murna. Yana cikin wanke kwanon kumfa matarsa ta faɗo shagon, tef ɗin awo rataye a wuyanta.

"Baban yara, me ka rubuta? Ka kashe mu!"

"Aski kyauta ne ya zama kisa?"

Ta karanta masa abin da ake rubutawa a ƙasa. Wasu na kiransa namijin duniya, suna tambayar ƙarfe nawa za a hallara. Wasu na cewa sun san shagon, sun san makarantar 'ya'yansa. Ya zauna a kujerar askin da bai taɓa zama a kai ba.

"Goge shi," ya ce. "A'a, tsaya. Rubuta musu cewa gashi nake nufi. Gashin kai."

Ta danna, ta sake dannawa. Shafin ya ƙi buɗewa. A madadinsa wani gajeren rubutu ya fito: an rufe shi saboda barazana, za a duba ƙorafi idan lokaci ya yi. Bakinsa aka toshe, amma hoton asaken, da mutane suka riga suka kwafe, yana ta yawo abinsa.

Mai faci ya leƙo, hannunsa duk baƙin taya. "Maƙwabci, ashe kai ne kwamanda ba mu sani ba?" Ya ga babu mai dariya, sai ya rage murya. "Mutanen layin bayan tasha sun tare bakin layin da benci da tsofaffin tayoyi. Ana kwashe mata da yara. Samarin ɗaya ɓangaren kuma sun ce gobe da sassafe a nan ƙofarka za su taru, kai za ka shige gaba."

Sannu-Sannu ya nufi ofishin ƙungiya. Akawu ya zaunar da shi, ya aika ƙorafi ta kwamfutar ofis. Amsa ta dawo nan take, kalma bisa kalma irin ta farko. Suka nemi lambar da za a kira mutum mai rai, babu.

"Malam," in ji akawu, "ka rufe shago, ka kwashe iyalinka, ka bar garin sai ƙura ta lafa."

"In na gudu na amsa laifi ke nan. Gobe su shiga layin da sunana." Ya miƙe. "Can zan je."

Matarsa ta sha gabansa a ƙofar shago. "To ka je hannu sake. Kar ka ɗauki aska, don Allah."

"In ban ɗauka ba, da me zan nuna musu abin da nake nufi?"

Ya naɗe aska ɗaya a tawul, ya saɓa kujerar askin a ka. Akawu, da ya ga ba makawa, ya ɗauki kwano da buta ya bi shi. Da la'asar sakaliya suka tsallaka tasha. Masu shayi da 'yan kamasho suka dare musu hanya.

A bakin layin samari ne tsaye da sanduna da ƙarafan mota. Rabinsu shi ya yi musu askin farko.

"Ga shi nan! Da ƙafarsa ya zo!"

"Mene ne a cikin tawul ɗin? Ajiye!"

Ya sauke kujerar a tsakiyar hanya. Bayanin da ya shirya duk ya gudu. Wani ya fizge tawul ɗin, askar ta faɗi ƙasa tana walƙiya. Da'irar ta matso. Ruwan butar da ke hannun akawu ya fara zuba a takalminsa.

"Ku ba ni hanya, 'ya'yan banza."

Wani tsohon direba ne, wanda duk layin ke kira Baba. Ya rasa ido ɗaya a hanya tun da daɗewa, kuma gemunsa bai san hannun kowa ba sai na Sannu-Sannu. Ya duƙa da ƙyar ya ɗauki askar, ya duba bakinta.

"Kai ka rubuta?"

"Ni ne, Baba. Ban san sun sauya wa kalmar ma'ana ba. Wallahi gashi nake nufi."

"Kyauta ka ce?"

"Kyauta."

"To ni ban taɓa barin banza ta wuce ni ba." Ya miƙa masa askar ta wajen ƙota, ya zauna a kujerar, ya ɗaga haɓa. "Wannan mutumin, in kisa ya zo yi, zaɓe zai wuce bai gama da mutum ɗaya ba."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. Babu wanda ya sauke sanda.

Sannu-Sannu ya shafa kumfa. Ya ɗora aska. Ya gama kunci ɗaya, ya gangaro ƙarƙashin muƙamuƙi, inda jijiya ke bugawa. Wani ƙarfe ya faɗi a bayansa, hannun ya zame. Jan layi siriri ya fito cikin farin kumfa. In samarin nan suka ga jini, ba za su tsaya tambaya ba.

Tsohon bai ko motsa ba. Ya jawo gefen tawul ya danne wurin kamar mai share zufa, ya ce ta gefen baki, "Ci gaba. Ka san jikin tsoho." Sannan ya ɗaga murya: "Haba, yi sauri mana, akwai mutane a bayana!"

Da aka gama, ya nuna wani saurayi mai riƙe da ƙarfe. "Kai, mai kan buzuzu, zo zauna." Saurayin ya jingine ƙarfen ya zauna. Har magariba ta kawo jiki Sannu-Sannu na aski a tsakiyar hanya, akawu na zuba ruwa.

Mutane da yawa sun ɗauki bidiyon askin nan sun saka, amma bai yi nisa ba. Manhajar ba ta ga abin turawa a cikinsa ba. Washegari samarin ɗaya ɓangaren suka taru a ƙofar shagon, suka tarar da shi a kulle. Da suka ji inda ya yini jiya, suka ɓalle ƙofar, suka fasa madubi, suka kira shi maci amana. Layin bayan tasha ba su shiga ba.

Ba a sake buɗe shafin ba, kuma ƙorafin bai samu amsa ba. Hoton asaken ya ci gaba da ɓullowa a wasu garuruwa duk lokacin da aka samu tashin hankali, da sunan shagon a jikinsa. Bayan wata biyu Sannu-Sannu ya mayar da makullin shagon ofishin ƙungiya. Iyalinsa sun koma wata unguwa. Yanzu gida-gida yake bi da jakarsa yana yi wa tsofaffi aski, ranar Asabar kuma yana aske marasa lafiya a wani asibiti. Ƙaramar waya yake riƙewa, ta kira kawai.