Malam Sallau Mai Wutar Mota: Ban Nemi Gafararka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Janairu 2025, bayan azahar, aka kira ni a waya aka ce Malam Sallau mai gyaran wutar mota, wanda rumfarsa ke bayan tashar Dakoro, ya rasu bayan jinyar kwana huɗu. Ina bisa hanya lokacin. Na gangara gefe na kashe mota.

Sunana Abarci. Ni ke tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya ta wani ƙaramin asibitin karkara can gaba da Birnin Lalle. Malam Sallau, akwai magana tsakanina da kai wadda ban faɗa ba kana raye, ita ta sa na ɗauki alƙalami.

A daminar 2023 fitilun motata suka dushe, har wani dare na kusa afka wa amalanken jaki. Na shiga kasuwa na sayo ƙwan fitila irin na yayi, masu farin haske kamar walƙiya, na kawo maka. Ka jujjuya su a hannu, ka miƙo mini abina.

"Ba ni sa wanga a motar asibiti," ka ce. "Bai dace da gidan hitilarka ba. Sama zai watsa haske, ya makanta mai tahowa, kai kuma in ana ruwa ba ka ganin ƙasa."

Direbobi na zaune a kan benci suna ji. Raina ya ɓaci, na ce tsufa ne ya kama ka, ba ka san kayan zamani ba. Ka girme ni da shekara ashirin, amma sai ka hau aiki. Ka buɗe akwatinka ka ciro wasu ƙwayaye biyu, sun fi tsofaffin haske nesa, kuma daidai da fitilar. Ka goge gilashin da ya yi hazo, ka sake wata waya da ta ƙone. Bayan magariba ka sa na fuskanci katanga da motar, ka ja layi da gawayi, kana ta murɗa noti har hasken ya kwanta ƙarƙashin layin. Na ja mota na tafi, ko sannu ban yi maka ba.

Kwana tara bayan haka, bayan isha'i, aka kawo mana Zara, matar wani makiyayi, ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Unguwarzomarmu, Nuriyya, ta ce in ba a kai ta Dakoro aka ƙara mata jini ba, ba za ta ga safiya ba. Muka tashi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Hanyar laka ce da ramuka. Motar na zamewa, ina riƙe ta da ƙyar. Nuriyya ta buga gilashin da ke bayana.

"Abarci, ƙara gudu! Hannunta ya yi sanyi!"

Na taka. Mijin Zara na gefena, ya ƙanƙame sandarsa, ba abin da yake faɗa sai salati. Na san akwai wani kwari a gabanmu mai ɗan kwalbati, na bi ta kansa ya fi sau ɗari, don haka ban yi niyyar sassautawa ba. Sai hasken fitila ya faɗa can gaba, inda ya kamata in ga jar ƙasa, na ga baƙi. Hanyar ta yanke. Ruwa ya tafi da rabin kwalbatin.

Na danne birki. Motar ta ja, ta karkace, ta ci gaba da tafiya a kan laka ba da sona ba. Na ji Nuriyya ta yi ƙara. Muka tsaya, tayar gaba ba ta fi taki uku daga bakin ramin ba.

Ba mu da lokacin komawa. Na juya kan motar wajen burtalin shanu da ke gangarawa kwarin, na bar wuta a kunne. Mijin ya shiga ruwan da sandarsa yana dogarawa, ruwa har gwiwa, ina kallon kowane takunsa a cikin hasken, har ya gano inda ƙasa ke da tsauri. Ya ɗaga hannu. Na yi bisimilla na shiga. A tsakiya injin ya yi tari sau biyu, sannan muka haye.

Zara ta rayu, ɗanta ma yana nan yana tafiya.

Da gari ya waye na zo rumfarka, motar duk laka. Na ba ka labari. Tambaya ɗaya ka yi: "Matar ta tashi?" Na ce ta tashi. Ka ce alhamdu lillahi, ka durƙusa kana duba ko ruwa ya shiga fitilun. Maganar neman gafara ta zo bakina, girman kai ya maida ta. Na ce wata rana. Shekara ɗaya da rabi ina wuce ka muna gaisawa, har ranar Talatar nan.

A gaban jama'a na wulaƙanta ka, don haka a gaban jama'a nake janyewa. Ni ne ban sani ba, Malam.

Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalinka, Hajiya Zainabu, da 'ya'yanka Abdulhakim da Rahinatu, da dukan direbobin tashar Dakoro da suka ajiye motocinsu suka raka ka makwanci a ƙafa. Ina roƙonsu su yafe mini a madadinka.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Allah ya ba iyalinka haƙurin rashi. Mu kuma da muka saura, in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani, ba mu ɗauke da haƙƙin kowa. Amin.