Ramin da Kaka ta hana leƙawa

Mu a Tajaye da warin daddawa muka san tatsuniya. Kakarmu daddawar batso take yi, ta 'ya'yan yakuwa. In sanyi ya shigo, bayan isha'i, mukan zagaye murhunta, tukunyar tana gefe a rufe. Ni ne sarkin shisshigi. Da na miƙa hannu wajen murfin sai in ji muciya a bayan hannuna.

"Ga wata ta taho, ku yi mata wuri," haka take farawa.

Wai wani makiyayi mai saniya ɗaya ne ya tsallake jerin tururuwa bai taka ba. Suka saka masa da sirrinsu: ya sare ɗanyen kara ƙanana, ya zuba a rami, ya tattake, ya rufe da ƙasa, kada ya buɗe sai tabki ya ƙafe. Ya yi duka, amma kullum safe sai ya ɗaga gefe ya leƙa, iska na shiga. Da rani ya tarar da baƙin ruɓa. Saniya ta ci don yunwa, cikinta ya kumbura, ba ta tashi ba.

"Mi yak kashe ta?" Ni take kallo.

"Yunwa, Kaka."

"Ƙarya kakai, maigidana. Leƙe na. Abin da anka ruhe shina aiki nai cikin duhu."

Na yi furfura kafin wani malamin kiwo ya zo mana da wannan dabara, ya ƙara leda kawai. Ya ce karan da aka sare ƙanana aka hana shi iska yakan yi taushi, cikin saniya ya narka shi. Busasshe kuwa a kashi za ka gan shi. Na yi dariya, tururuwa sun riga shi.

Saniyata ɗaya ce, nononta yarana ke sha. Na binne karana kaf. Maƙwabta suka ce na yi wa abincin dabba jana'iza. Tsoro ya kama ni. Sau uku ina tsayawa bakin ramin da fartanya, sai bayan hannuna ya tuna da muciyar Kaka, in fasa.

Da tabki ya ƙafe, haƙarƙarin saniyar a waje, na buɗe. Ƙanshin kunun tsamiya ya buge ni. Ta ci, ta kwanta tana tuƙa, kashinta sumul. Nono ya dawo.

Allah ya jiƙan Kaka. Muciyar nan ce ta ciyar da saniyata.