Bikon da Baba ya rantse ba zai je ba

Innata 'yar Nijar ce, amma ba wanda ya taɓa tuna haka sai ran da aka yi faɗa da ita. Tun tana budurwa Baba ya auro ta zuwa Masanawa, ta haife mu mu shida, ta binne biyu, ta aurar da huɗu. Duk tsawon wannan zama ba wanda ya tambaye ta takardar zama 'yar ƙasa. Wa zai tambaya? Ita ce fa mai yi wa matan unguwa wankan jego.

Ana nan sai Baba ya sare mata zogale. Ya sayi bijimin sa, yana neman inda zai kafa turke, ya duba duk faɗin gidan nan bai ga wuri ba sai gindin bishiyar da ta dasa da hannunta shekarar da ta zo. Ta dawo daga gidan suna ta tarar da sa yana cin ganyen. Ta ɗaure kayanta ta yi yaji, da jikoki goma sha ɗaya a duniya.

Gidan ubanta yana can tsallaken iyaka, don haka ta tafi Madadi, gidan malamin da ya yi mata walicci ranar ɗaurin aure. Kowa ya san yadda ake yi: mace ta yi yaji, miji ya bi ta biko, a yi masa faɗa, ya sunkuyar da kai, a ba shi matarsa. Baba ya ce shi da furfurarsa ba zai je ya durƙusa a zauren wani a kan zogale ba. Inna ta ce ita kuma ba akuya ba ce da za ta koma gida da kanta in yamma ta yi. Shekara bakwai aka yi a haka, ba saki, ba zama. Duk kaka yakan aika da buhun dawa ya ce na yaran gidan Malam ne, ita kuma ta aiko da man gyaɗa ta ce na jikoki ne. Mu ne 'yan aike, kuma wallahi mun gaji.

Abin ya tashi ne da matan ajinsu na Islamiyya suka fara shirin aikin hajji, ita ma ta sa rai. Gwiwoyinta sun fara ba ta sanarwa, ta ce in ba ta je yanzu ba sai dai a ɗauke ta a kujera. Sai ga maganar fasfo, sai ga maganar inda aka haife ta. Ni ce na yi boko a gidan, ni aka tura Kano in tambayo.

Jami'in da na samu mutum ne mai haƙuri. Ya ce matar ɗan ƙasa tana iya neman zama 'yar ƙasa ta dalilin aurenta.

"Suna tare da mahaifin naki?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ya sake ta ke nan?"

"A'a."

Ya ajiye biro ya dube ni. Na ba shi labarin zogale. Ya yi ta maza bai yi dariya ba, ya ce to sai mijin ya tabbatar da cewa auren yana nan, su je kotu tare a rubuta rantsuwa, a haɗo da hotonsu.

Na kai wa Baba saƙo. Ya ce in ya taka Madadi ya yi biko ke nan. Na kai wa Inna. Ta ce in ta taka Masanawa ta dawo da ƙafarta ke nan. Ranar na yi fushin da ban taɓa yi ba. Na ce wa Baba matar da ta yi masa tuwo shekara talatin da wani abu za ta mutu baƙuwa a ƙasar da ta binne 'ya'yanta, saboda taurin kansa. Sai ya tambaye ni ko kotun Gwarzo tana cikin Madadi. Na ce a'a. Ya ce to Laraba.

Ya zo a kan babur cikin rigarsa ta Idi, da wani abu dogo a naɗe cikin buhu. Inna tana zaune a benci ta juya masa ƙeya. Suka gaisa ta bakina, ina tsakiya kamar tafinta: ya tambaye ni ya gwiwar uwata, ta ce in gaya masa da sauƙi, ya bijimin sa? Ya ce an sayar. Mai hoto ya sha wahala, sau uku yana cewa su matso, suna matsawa kamar masu tsoron wutar lantarki.

Magatakarda ya ɗauki biro ya dubi Baba. "Baba, wannan matarka ce?"

"To ta wa ce?"

"Auren yana nan?"

"Ni dai ban kwance ba."

Sannan ya jawo buhun ya ajiye a gabanta, bai dube ta ba. Rassan zogale ne guda uku, sabbin sara, irin waɗanda ake dasawa. Ya ce wa bango, "Na cire turken."

Inna ta daɗe tana kallon rassan. Ni kuwa na ji hawaye ya taho mini, na yi kamar ina gyara mayafi. Can ta ɗago ta ce wa magatakarda, "Ɗana, tunda kana rubutu, ka sa har da cewa ya zo biko."

Magatakarda ya ce babu gurbin wannan a takardar, Hajiya. Ya fara yi mata bayanin doka, Baba ya katse shi. Ya miƙa babban yatsansa wajen tawada.

"Nemi gurbi, yaro," ya ce. "Rubuta."