Mutumin da Ya Amsa Mini Sallama

Bari in fara da gyara zancen da ke yawo a Springfield, garinmu da ke kusa da Washington, don na gaji da jin sa. Ba rawa na je ba. Ba saurayi na bi ba. Kuma ban shiga sahun Kiristoci don a yaƙi Musulmi ba, kamar yadda wata Hajiya ta tsare matar kawuna tana faɗa a gidan suna. Mota na tuƙa. Duk wanda ya ga lulluɓina a bidiyon nan ya yanke hukunci, to ga abin da bidiyon bai nuna masa ba.

Ranar Talata ce, cikin Afrilu. Na tashi biyar da rabi, na yi sallah, na sha shayi a tsaye. Kawu, ƙanen mahaifiyata da nake zaune a gidansa, yana ta neman makullin mota, matarsa Anti na masa tsiya. Bakwai saura kwata ina gidan burodin da nake aiki tun da na gama sakandare. Na Armeniyawa ne, Kiristoci. Mai shi tsohuwa ce, Araksi, shekararta tamanin da shida. Ni Kaka nake ce mata, ta kuma karɓa. Jikarta Ani sa'ata ce, ita ta koya mini murza ƙullu. Da rana tana bakin tanda, da yamma tana kaɗa jita a gareji, ita da ɗan'uwanta Garo mai ganga da wasu biyu. Kiɗan rok suke yi, irin mai sa gilashin taga rawa. Waƙoƙinsu duk a kan abu ɗaya ne: kakanninsu da aka kora daga garuruwansu zamanin daular Turkawa, wajen shekara ɗari da suka wuce, aka tasa ƙeyarsu cikin hamada har suka ƙare. Armeniyawa na cewa kisan ƙare dangi ne. Turkawa da yawa na cewa yaƙi ne, kowa ya yi asara. Duk shekara a wannan watan ɓangarorin biyu kan fito titi ɗaya a Washington, 'yan sanda a tsakani.

Bana a can su Ani za su yi kiɗa, a wannan ranar. Ani ba ta tuƙi, Garo kuma motarsa ganguna sun cika ta. Aka ce in ja motar burodi. Na ce to.

Goma da rabi muka loda lasifika biyu, janareto, da keken guragun Kaka. Ta sa baƙar riga. A jakarta akwai takarda ɗaya da ta tsufa har ta koma kalar shayi, rubutun hannun mahaifiyarta. Sunayen mutanen gidansu ne da ba su fito daga hamadar ba. Ita ke karanta su kafin a fara kiɗa.

Sha ɗaya da minti ashirin muka haye gadar kogin Potomac. An rufe titunan kusa. Na sauke su da kaya, na kai motar layi uku daga wurin, gaban wani shagon wanki, na dawo a ƙasa.

Wurin ɗan fili ne mai ciyawa a gefen shataletale, da gunkin wani mutum a kan doki. Mu a nan. Su Turkawa a tsallaken titi, da jajayen tutoci da tasu lasifikar, suna kiɗan biki. Akwai mata masu lulluɓi kamar ni, akwai yara a wuyan iyayensu. Wata ma ta yafito ni da hannu, ta zaci ɓatan kai na yi. Shingen ƙarfe a gabanmu, shinge a gabansu. 'Yan sandan ba su fi goma ba.

Ƙarfe ɗaya Kaka ta karanta sunayen. Goma sha ɗaya ne. Muryarta ba ta fita sosai, Ani ta riƙe mata makirfo dab da baki. Daga tsallake aka ƙara ƙarar kiɗa. Ɗaya da kwata Garo ya buga ganga, Ani ta saki jita, tantabaru suka tashi daga kan gunkin. Waƙar farko lafiya. A ta biyu aka fara jifa da gorar ruwa, daga can da nan, kada wani ya ce na ɓoye. Namu ma sun yi zagi.

Biyu saura minti ashirin, ana tsakiyar waƙa ta uku, lasifika ta mutu. Wani ya zare wayar janareto. Ganga kaɗai ta ci gaba, bugu huɗu ko biyar, ita ma ta tsaya. A cikin shirun nan na ji takalma. Ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan kwalta, takalman ofis. Maza ne cikin baƙaƙen kwat, sun ɓullo ta bayan masu tutoci, sun ratso tsakanin motoci. Ba gudu suke ba, sauri suke. Ban san su wane ne ba, ban san wanda ya aiko su ba. Masu tutocin dai yawancinsu na bayan shingensu, ba su motsa ba.

Ɗan sanda ya ɗaga hannu. "Ku koma baya!"

Suka ture shi tare da shingen.

Garo ya yi ihu. "Ku gudu! Ku bi ta bayan gunki!"

Mutane suka watse. Ani ta yar da jita, ta kama keken Kaka za ta juya shi. A nan na yi abin da na yi. Na riƙe keken. Na ce mata, "Tsaya a bayana. Ba za su taɓa ni ba."

Ku fahimce ni. A Kano aka haife ni, shekara goma sha biyar na yi a can. Abin da na tashi da shi shi ne, in ka yi wa Musulmi sallama ya amsa, an gama magana. Ba zai amsa maka da baki kuma ya kai maka hannu ba. Na sha ganin an kashe faɗa da ita a layinmu. Na dubi lulluɓina, na dubi su, na ɗauka ni ce katanga. Na gyara mayafi, na buɗe hannuwa, na tsaya a gaban keken.

Na gabansu dogo ne, furfura ta fara cin gefen kansa, da tabo a ƙasan leɓe. Na dube shi ido cikin ido. Na ce, "Assalamu alaikum."

Ya amsa. Wallahi ya amsa, cikakkiya, bai rage komai ba. Sannan ya dafa kafaɗata ya kawar da ni gefe, a hankali, kamar mai ɗage labule. Ya wuce.

Na bayansa ne ya bangaje ni na faɗi kan lasifika. Daga ƙasa na ga sauran. Dogon ya naushi Ani a wuya. Ta faɗa kan Kaka ta rufe ta da jikinta, keken ya kife da su biyun. Hannun Ani na hagu ya sauka a kan gefen siminti. Ya ɗaga ƙafa ya taka. Sau biyu. Ƙarar kamar an karya busasshen kara. Ani ba ta yi kuka ba, wani dogon numfashi kawai ta ja. Ya tsallake su ya nufi wani dattijo mai riƙe da kwali.

Na rarrafa na isa gare su. Tayar keken ta lanƙwashe. Kaka idonta a buɗe, goshinta na zubar da jini, tana magana da harshensu. Na warware mayafina, na durƙusa, na ce wa Ani, "Ɗora mini ita." Da hannu ɗaya da kafaɗa ta turo ta. Na goya ta yadda nake goya 'ya'yan yayata a gida, na ɗaure a ƙirji, na tallafe ta ta ƙasa. Ba ta kai buhun fulawa nauyi ba.

Muka bi ta bayan gunki. Jiniya ta fara daga nesa. Wani mutum na kwance a ciyawa, biyu na shurin sa. Wata mata mai jar tuta ta tsallako titi ta nufo mu. Na zaci duka ne, na tsaya cak. Sai ta ja shingen ta buɗe mana hanya, tana kuka, tana cewa, "Ku wuce, ku wuce." Muka wuce. Ban gode mata ba.

Layin farko da gudu muka yi shi. A na biyu Ani ta dafa bishiya ta yi amai, ni ina tsaye ina waige. Mutane na zaune a gaban wani gidan shayi, kofi a hannu ɗaya, waya a ɗayan, suna ɗaukar mu. Ba wanda ya tashi. Kaka ta sa baki a kunnena tana maimaita kalma ɗaya. Daga baya Ani ta gaya mini takardarta take nema. A layi na uku ɗaurin ya sassauta, na cije bakin mayafin da haƙori na ci gaba.

Biyu da minti biyar muka isa mota. Makulli ya suɓuce mini sau biyu. Na kwantar da Kaka a baya, tsakanin farantan burodi. Ani ta zauna a gaba ta ɗaga hannunta sama. Ya kumbura ya yi shuɗi, yatsu biyu sun karkace gefe. Na ja mota. A madubi na ga wata baƙar mota a bayanmu. Na sha kwana, ta sha. Na sake sha, ta sake. Na keta danja. Ba ta biyo ba. Har yau ban sani ba ko mu take bi.

Biyu da rabi muna ƙofar ɗakin gaggawa na asibiti. Garo ya iso huɗu saura. Shi da duk waɗanda suka gudu tun ihun farko, ko ƙwarzane babu.

Washegari bidiyon ya bazu. Kawu ya kalla sau ɗaya ya kife wayar. Ya ce, "Takardunki na zama a ƙasar nan ba su gama fitowa ba. Babu ruwanki da rigimar da ta girmi kakanki. Kada in ji kin je wajen 'yan sanda." Na ce, "To, Kawu." Anti ta gasa mini kafaɗa da ruwan zafi.

Ni na kalla ya fi sau talatin, ina ƙirgawa. Daga ihun Garo zuwa lokacin da dogon ya iso gabana, daƙiƙa goma sha huɗu ne. Na koma wurin wata Asabar, na tsaya inda keken yake, na taka zuwa bayan gunki kamar mai tura tsohuwa. Daƙiƙa goma.

An yi wa Kaka ɗinki biyar a goshi. Ba a ga takardar ba, Garo ya duba ciyawar har da kwandunan shara. Sunayen suna kanta, ta faɗa an rubuta, amma rubutun ba na mahaifiyarta ba ne. An yi wa Ani aiki sau biyu. Yatsun da take danne tsirkiya da su, biyu ba sa lanƙwasuwa. Ta dawo aiki a wata na uku, tana gaban shago tana miƙa wa mutane burodi da dama. Gareji a rufe yake. Ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, ko sau ɗaya. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi.

Ta baya aka ɗauki bidiyon, ƙeyar mutumin kawai ake gani. Lauyar da ke bin maganar ta ce har yanzu ba a samu wanda ya ga fuskarsa sosai ba, Ani kanta ba ta gani ba. Ni na gani. Taku ɗaya ne tsakaninmu.

Ranar Litinin ƙarfe tara zan je wajen 'yan sanda in zauna, su zube mini hotuna, in duba har in nuna shi. Lahadi bayan la'asar zan gaya wa Kawu a gaban Anti, ba don neman izini ba. In ya ce in bar masa gida, akwai ɗaki a saman gidan burodin. Ban tambayi Ani ba tukuna.