Ƙarfen Kawu Jaɓɓo a Kunnen Duna

Jama'a, yau na ga jini a ƙofar gidana!

Ina cire wa karena Duna kaska a kunne, ina shafa man kaɗe a gurbin cizon, sai ga Kawu Jaɓɓo, makiyayi daga 'Yankuzo.

Ya ce, "Wannan wasa ne! Mu wuta muke sa wa shanu."

Na ce, "Kawu, kare ba saniya ba ne."

Ina! Ya gasa ƙarfe ya yi jawur, ya danna wa Duna. Kare ya cafke ƙwaurinsa, ya yage tsoka! Jini har kan zanina.

Inna ta ce, "Ku ƙona wurin kada ya ruɓe!"

Mu huɗu muka danne Kawu. Ƙarfen nasa ko hucewa bai yi ba.