Mutari ya tafi ya bar makunnin Belbeji a kunne

Da safen nan ina shanya a tsakar gida aka kira ni daga Damagaram, aka ce Mutari ya rasu.

Na ce wane Mutari? Aka ce naku na buro, wato ofishinmu.

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, da ya ƙi sauka aka wuce da shi asibiti a Damagaram, can kwanansa ya ƙare. An yi masa sutura kafin azahar. Ban samu zuwa ba, kuma zan faɗi dalili.

Amma kafin nan, ku da kuka sa hotonsa yana kwance a gadon asibiti, ku cire yanzu. Yana da mata, uwarsa tana da rai. Ba haka aka tarbiyyantar da ku ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba. Mu ƙungiya ce ƙarama mai bin lafiyar mata masu ciki a ƙauyukan Damargu, daga nan Tanut zuwa Falanko, Tarka da Belbeji. A kowane ƙauye muna da mace guda, rele muke ce mata. Ita ke sanin wadda ta samu ciki, ta lallaɓa ta har ta je awo. Ni nake duba aikinsu. Dukkanmu a aplikasiyo guda muke magana, na aiki, ba irin wanda yara ke raba dare suna shirme a ciki ba. Mutari ne ke riƙe da shi ta baya. Mu rubutu kawai muke yi mu tura, shi ke tsara wa zai ga me, da abin da waya za ta yi in saƙo ya shigo.

Akwai wani shafi a ordinatarsa, kwamfutar da yake aiki da ita, layi-layi, kowane layi da ɗan maɓalli a gefe. A wajen masu aikinsu tuta suke ce wa abin. Ni makunni nake cewa, kamar na lantarki, shi ma ya koma faɗin haka don in gane.

Ya taɓa ce mini: "Inna, duk sabon abin da masu aplikasiyon nan suka ƙirƙiro, makunni gare shi. Ina iya kunna wa mutanen buro in bar na ƙauye a kashe. Ba na kunna wa kowa sai na gwada a wayata da taki."

Na ce don me tawa?

Ya ce: "Don in da aibi ke za ki fara faɗa, kuma ba za ki rage komai ba."

Haka yake. Yana faɗa maka magana yana murmushi, sai ka koma gida ka gane da kai yake.

Mun yi saɓani da shi, kuma ba zan ɓoye ba don ya rasu. Na nemi ya kunna alamar nan da ke nuna an karanta saƙo, domin akwai masu karantawa su yi shiru, gobe su ce babu rezo, saƙo bai shigo ba. Ya kunna wa ma'aikatan buro, ya ƙi kunna wa matan ƙauye. Ya ce waya a ƙauye ba ta mutum ɗaya ba ce, miji na iya buɗewa, ƙanwa na iya buɗewa, sai in hau baiwar Allah da faɗa a kan abin da ba ta gani ba. Na ce kana ɓata su. Ya ce to, Inna. Bai kunna ba. Har yau ina ganin ya cika sassauci, amma aikinsa ne, na bar masa.

Shi ne ya rage nauyin hotuna don su riƙa fita ko rezo ya yi rauni.

Shi ne ya hana a riƙa cire matanmu na wajen makiyaya daga grup. Tsarin da abin ya zo da shi, wanda ya daɗe bai leƙa ba a rufe shi. Su kuwa da damina suna arewa da dabbobi, ba rezo ba caji, sai kaka ta yi a gan su. Ya kashe wannan tun kafin kowa ya yi ƙorafi.

Ya ƙara mini girman rubutu a waya ba tare da ya ce idona ya fara gajiya ba. Da ya je Tarka, cuku ya kawo wa yarana.

Yanzu ga abin da ya hana ni zuwa jana'iza.

Kowa a nan ya san ba a shelar ciki, balle na fari. Yarinya tana ɓoyewa ko ga uwarta, sai zane ya tona. Duk aikinmu a kan wannan yake tsaye: mace ta faɗa wa rele a kunne, ta tabbata daga ita sai likita.

Kowa kuma ya san yadda ake cajin waya a ƙauye. Ranar kasuwa a kai wa mai caji, ya jera su a tebur fuska sama, maza na zaune a benci suna shan shayi suna jiran nasu.

Bara a wani ƙauyen Falanko, rele ɗinmu ta bar tata a tebur ta shiga kasuwa. Saƙo ya shigo daga likita. Wayar a kulle take, amma ta yi haske, rubutun ya fito ƙarara: sunan yarinya, sunan mijinta, a kawo ta awo. Wani a benci ya iya karatu. Kafin kasuwa ta watse zance ya riga yarinyar isa gida. Surukarta a bakin wasu ta ji. Yarinyar ta rufe ƙofa, ta ce ba ta zuwa awo ko ɗaya, sauran matan ƙauyen kuma suka daina faɗa wa rele komai. Sai da muka yi ta sintiri kafin suka fara sakin jiki, har yanzu ba duka ba.

Kai kuma da ka karanta ka kai zance gaba, in kana cikin masu bibiyata, ka sani ba wayo ka yi ba. Matar wani ce, 'yar wani ce. Allah yana kallon benci kamar yadda yake kallon masallaci.

Mutari bai tsaya a buro yana zato ba. Ya hau babur ya je, ya zauna a bencin nan, ya sa na tura saƙo yana kallon teburin. Da ya dawo ya kashe makunnin ga kowa. Tun daga ranar, in waya na kulle, "sabon saƙo" kawai take nunawa, ba suna ba rubutu, sai mai ita ta sa kodi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a buro ce, satin da ya wuce, bayan la'asar. Na tarar da shi ya naɗa rawani har kunne a cikin wannan zafi. Na ce lafiya? Ya ce sanyi yake ji kaɗan. Na ce ka tafi likita. Ya ce in ya gama.

Ya ce in jawo kujera. Wai masu aplikasiyon za su sako sabon zubi, kuma sun zo da wani makunni dabam na nuna rubutu a fuskar waya, wanda a kunne yake zuwa, bai san da tsohon ba. Dole a bi grup-grup a kashe kafin wayoyi su ɗauki sabon. Ya kashe na Tanut, ya kashe na Falanko. Da aka zo na Tarka sai ya turo mini ordinatar.

"Inna, ke za ki yi wannan."

Na ce ni koleji na tsaya, ƙaramar sakandare, ba na taɓa abin da ban sani ba.

"Ai kin san kashe fitila. Shiga da kodinki, na buɗe miki ƙofa. Zaɓi Tarka. Gangara. Wannan mai kore, taɓa shi ya koma toka. Yanzu ajiye. In ba ki ajiye ba, kamar ba ki yi ba."

Na yi. Ya ce madalla, an samu mataimakiya, sai dai ba albashi. Na ce ka kiyaye ni, Mutari, na haife ka.

Muna zuwa kan Belbeji aka ɗauke wuta, akwatin intanet ya mutu. Muka jira, ba ta dawo ba. Na ga jikinsa na rawa, na ce tashi ka tafi gida, kuma ba shawara nake ba ka ba. Ya rufe ordinata ya ce:

"Saura Belbeji. In na dawo."

Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan.

Da yake kwance ban taɓa na Belbeji ba, domin ba a shiga aikin mutum yana da rai ba da izninsa ba, kuma na ɗauka zai tashi. Jiya na ga aplikasiyon ya canja kama a wayata, na san sabon ya sauka. Yau da safe aka kira ni. Gobe kuma matanmu na wajen Belbeji za su shigo kasuwa, wayoyinsu su samu rezo su ɗauki sabon da kansu, sa'annan su kwanta a teburin mai caji fuska sama.

Motar buro ta tsaya a ƙofata za a tafi Damagaram. Na ce su wuce. Na ga yadda aka dube ni. Ba komai.

Na kira shef ɗinmu, shugaban buro, yana hanya, na faɗa masa. Ya ce: "Hajiya, a bari a yi sadakar uku, mu nemo wani enjiniya. In kika ɓata fa?"

Na ce: "Ranka ya daɗe, in na ɓata saƙo ne zai tsaya, wani ya zo ya gyara. In sunan 'yar mutane ya fita a kasuwa, wa zai gyara?"

Sai ya ce in yi bismilla.

Na buɗe buro ni kaɗai. Wuta na nan, alhamdu lillahi. Kujerarsa ban zauna ba, na jawo tawa. Kafin in taɓa komai na kira Gaishita, rele ɗinmu da ke zaune cikin garin Belbeji, wadda wayarta ta riga ta ɗauki sabon, ta lambar maƙwabciyarta. Na ce ta kulle wayarta ta ajiye a gabanta. Na tura mata kalma ɗaya a grup.

"Me kika gani?"

"Hajiya, an rubuta gero. Gero za a raba?"

"Ba a raba komai. Kin buɗe wayar?"

"Wallahi ban taɓa ta ba."

Ashe gaskiyarsa. Makunnin a kunne yake.

Na shiga da kodina. Na zaɓi Belbeji. Na gangara, na wuce layin ban gani ba, domin dukkansu da Faransanci ne kuma sun yi kama da juna. Na koma sama na bi da yatsa a hankali har na same shi, kore. Na taɓa ya koma toka. Na kusa tashi, sai na tuna ban ajiye ba. Na ajiye.

Na sake turawa.

"Yanzu fa?"

"Sabon saƙo kawai."

"Duba da kyau, Gaishita, kar ki faɗa mini abin da nake son ji."

"Hajiya, ido biyu gare ni. Ba suna, ba rubutu." Ta yi dariya. "Mutari ne ya gyara ko? Ki ce masa har yanzu yana bina shayi, bai zo ya sha ba."

Ba ta ji rasuwar ba. Ni na faɗa mata.

Ta yi salati. Sa'annan ta ce za ta sanar da sauran matan gobe da bakinta, ba ta waya ba. Na ce haka ya dace.

To ku rele na Belbeji, an rufe. Ku ci gaba da aikinku. Duk wadda ta ga rubutu a fuskar wayarta tana kulle, ta kira ni nan take, kar ta jira. Wanda kuma za a kawo ya gaji kujerar nan, ko wane ne, zan zauna kusa da shi ranar farko in nuna masa layin da ba a taɓawa.

Ku matasa masu ganin aiki sai wanda za a ɗauke ku hoto, ku duba. Yawancin matan da yaron nan ya rufa wa asiri ba su san sunansa ba, kuma bai taɓa nema su sani ba.

Gobe da sassafe zan shiga mota in je in gaida mahaifiyarsa da matarsa Barira.

Ya Allah, ka jiƙan Mutari, ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya makwancinsa. Yadda ya suturta matan mutane a duniya, ka suturta shi ranar da babu sutura sai taka. Ka ba Barira da tsohuwarsa haƙuri, ka raya abin da ya bari.

Ku da kuka karanta har nan, kar ku jera mini fuskokin kuka a ƙasa. Ku ajiye wayar, ku ɗaga hannu ku yi masa addu'a da sunansa.